Nauyin Uwar Biyu

Da zarar an ce mace na ɗauke da cikin tagwaye, gida ya rabu biyu ke nan a kan kwanon abincinta. Ɓangare ɗaya, wanda galibi uwar miji ke ja, cewa yake rai uku ne a jiki guda, don haka a tura mata duk abin da ya samu, kada bakinta ya huta. Ɗaya ɓangaren, na gwaggonni da tsofaffin unguwa, gargaɗi yake yi: ta sassauta ci, kada yaran su yi girma su ƙi fitowa, a ƙare a ɗakin tiyata. Kowa da hujjarsa, kowa da labarin wance da abin ya faru da ita. A tsakanin waɗannan ɓangarori na yi renon cikina na uku, kuma babu wanda ya nufe ni da sharri a cikinsu. Sai dai duk gardamarsu a kan yawan loma take, alhali nauyin da ya kusa kai ni kushewa ba ta baki ya shiga ba.

Tagwaye ba baƙi ba ne a wajenmu. Wani bincike da aka buga a 2021 ya ƙiyasta cewa ana haihuwar tagwaye kusan sau miliyan 1.6 a duniya duk shekara, wato ɗaya cikin kowane jarirai 42 ɗan tagwaye ne. Yammacin Afirka na kan gaba a wannan harka, har garin Igbo-Ora da ke jihar Oyo ya yi suna da su. Mu ma da wuya ka ratsa layi ba ka ji ana kiran Hassan da Hussaini ko Hassana da Hussaina ba, ga kuma Gambo na biye da su. Wannan sabon ne, a ganina, ya sa muke ɗaukar cikin tagwaye kamar kowane ciki, illa dai ya fi girma. A asibiti kuwa, ranar da sikanin ya nuna kai biyu, ranar ake mayar da katinki cikin na masu haɗari.

To nawa ya kamata uwar biyu ta ƙara? Ƙa'idar da likitoci suka fi dogara da ita ta fito ne a 2009 daga wata cibiyar nazarin lafiya ta Amurka da ake kira IOM a lokacin. Ba lamba ɗaya ta ba kowa ba, sai ta duba yadda jikin mace yake kafin ciki ya shiga. Ana gane hakan da lissafin da ake kira BMI: a ɗauki nauyin mace a kilo, a raba da tsawonta a mita, a sake rabawa da tsawon. Mai tsawon mita 1.6 da nauyin kilo 60 za ta samu 23 da 'yan kai, matsakaicin jiki ke nan. Idan kilo 80 gare ta a wannan tsawon, ta haura 31, ta shiga sahun masu ƙiba sosai. Ga mai matsakaicin jiki, wadda lissafinta ke tsakanin 18.5 da 24.9, an ce ta ƙara kilo 17 zuwa 25 a cikin tagwaye, alhali da ɗa ɗaya ne kilo 11.5 zuwa 16 sun wadatar. Mai ɗan jiki, daga 25 zuwa 29.9, kilo 14 zuwa 23. Mai ƙiba sosai, daga 30 zuwa sama, kilo 11 zuwa 19. Ramammiyar mace kuwa, wadda ba a rasa irinta a kowane layin awo na karkararmu, kwamitin cibiyar bai yanke mata lamba ba, ya ce bayanan da ke hannunsa ba su isa ba. Kuma a tuna, a jikin matan Amurka aka yi wannan lissafi, kwamitin da kansa ya kira na tagwayen na wucin gadi. Duk da haka ya fi a ce ki ci kawai ko ki rage kawai.

Kilo ashirin abin tsoro ne a kunne, amma idan aka rarraba shi sai a ga kaɗan ne rabon uwar. Yaran biyu sun kwashe kusan kilo biyar. Ga mabiya biyu, ko ɗaya babba, ga ruwan faya na kowane yaro, ga mahaifar da ta buɗe fiye da ƙima. Jinin jikin mace kansa yana ƙaruwa da kusan rabi a cikin ɗa ɗaya, a na tagwaye ya wuce haka. Sannan nono, sannan kitsen da jiki ke ajiyewa domin shayar da baki biyu.

Matsalar ita ce duk wannan lissafi yana buƙatar a san inda aka faro, mu kuwa ba mu cika sani ba. Mace ba ta hawa sikeli sai ta je awo, awon kuma ba ta zuwa sai ciki ya fito, wata don kunya, wata don tsoron baki, wata don maigida ya ce a bari ya yi ƙwari. Ni sa'ar da na ci, akwai tsohon katina na tazarar haihuwa da aka rubuta nauyina a ciki, da shi likita ta yi aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau takwas, na farko kafin ciki ya wuce sati 12. Mai tagwaye tana buƙatar fiye da haka. Wadda ta fara awo a wata na shida, babu mai iya ce mata ta ƙara da yawa ko ta ƙara kaɗan, don babu abin gwadawa.

Watannin farko ma ba ƙaruwa na yi ba, raguwa na yi. Laulayin tagwaye ya fi na ɗa ɗaya tsanani, ko ƙamshin suya daga gidan maƙwabta ya isa ya mayar da ni bayan gida. Da ya lafa, likitar ta gaya mini abin da ya saɓa wa duk abin da na saba ji. Ta ce yanzu ne lokacin ci, ba ƙarshen ciki ba. Dalili biyu ta kawo. Na ɗaya, tagwaye ba su cika kai wata tara cur ba: fiye da rabinsu ana haihuwarsu kafin sati 37, saboda haka ba su da wannan watan ƙarshe da ɗa ɗaya ke tara jiki a cikinsa. Na biyu, idan ciki ya tsufa, mahaifa na tokare tumbi, loma uku ki ji kin ƙoshi, ga ƙwannafi. Abin da jiki bai ajiye da wuri ba, da wuya ya ajiye shi daga baya. Wata mai bincike a Amurka, Barbara Luke, wadda ta daɗe tana nazarin abincin masu cikin tagwaye, ta shahara da shawarar a ƙara kimanin kilo 11 kafin sati 24. Azumi ya riske ni a wannan tsakanin. Da na nuna ina son gwadawa, maigidan ne ya tambayo malaminsu, ya dawo ya ce addini ya yi wa mai ciki rangwame, kuma shi bai ga dalilin ƙin karɓar sauƙin da Allah ya bayar ba.

Masu cewa a rage ci don gudun tiyata su ne na fi jin tsoronsu, domin shawararsu ta fi saurin shiga a gidan da dama abincin bai wadata ba. Ɗan tagwaye ba ya cika yin girman da zai maƙale. Abin da ke kai uwar biyu ɗakin tiyata ya fi zama kwanciyar yaran, ɗaya ya zo ta ƙafa ko ya gicciye, ko kuma wata larura ta uwar. Rage ci ba ya gyara kwanciya. Abin da yake haifarwa shi ne yara ƙanana, haihuwar bakwaini, da uwa marar jini.

Na ga wannan da idona a kan wata tsohuwar ɗalibata da aka yi wa aure a ƙauye. Cikinta na biyu tagwaye ne. Da na je duba ta, in ba don tudun cikin ba, ba za ka ce ta ƙara ko ƙwayar gero ba, wuyanta duk ƙashi, tafin hannunta fari fat. Ta ce kakar mijinta ta hana ta ƙwai da nama mai yawa. Ƙwayoyin ƙarin jinin da aka ba ta a asibiti kuma na nan a leda, wai suna sa ta tashin zuciya, suna baƙanta mata bayan gida. Ta haihu a gida, jini ya ɓalle. Mahaifar da tagwaye suka buɗe ba ta saurin tsukewa bayan haihuwa, tsukewar nan kuwa ita ke rufe jijiyoyin da mabiya ta bari a buɗe. Shi ya sa a asibiti ake yi wa mace allurar oksitosin da zarar yaro na biyu ya fito. Mace mai cikakken jini za ta iya jure zubar da za ta kayar da marar jini nan take. Allah ya yi da sauran kwananta, aka samu mota, aka yi mata ƙarin jini. Hussainin bai yi arba'in ba.

Saboda haka na ci, kuma ban ji kunyar ci ba. Amma ba tulin tuwo sau uku ba, kaɗan-kaɗan sau da yawa: ƙwai da safe, kindirmo, ɗanwake ko alale, awara, kwaɗon zogale da ƙuli, hanta idan ta samu amma ba kullum ba, kifi, gyaɗa a jaka duk inda na je. Ƙwayar ƙarin jini na koyi shan ta da lemon zaƙi ko bayan abinci, ba tare da shayi ba, don shayi na hana jiki tsotsar ƙarfen da ke cikinta. Fansida da ake bayarwa a wajen awo da gidan sauro su ma cikin lissafin jini suke, tunda zazzaɓin cizon sauro jini yake ci. Abin da na yi ta fama da shi shi ne Maltina da madarar gwangwani. Duk wanda ya zo gaishe ni da ita yake zuwa, wai tana ƙara jini. Sukari ce aka narka. Tana ƙara nauyi, ba ta ƙara jinin da ake nema.

Nan ne tsofaffi suka yi gaskiya ta wata fuskar. Sun daɗe suna hana mai ciki kayan zaƙi, suna cewa zaƙi na taruwa ya tsawaita naƙuda. Bayanin nasu bai zo daidai da na likita ba, amma hanin ya yi amfani. Mabiya na fitar da sinadaran da ke rage ƙarfin insulin, mai daidaita sukari a jini, mai tagwaye kuma mabiyarta ta fi yawa, saboda haka ciwon suga na masu ciki ya fi kusa da ita, musamman idan da ƙibarta ta shiga cikin ko ta yi ta ƙara nauyi da lemon kwalba da kayan fulawa. Ana gwada shi tsakanin sati 24 da 28: a ba ki ruwan sukari ki sha, a ɗebi jini. Nawa ya fito lafiya. Inda na rabu da tsofaffin shi ne jiƙe-jiƙen maganin zaƙi da ake ɗirka wa mace a watannin ƙarshe. Babu wanda ya san awon abin da ke ciki, ƙodar mai tagwaye kuwa aikin da ke kanta ya ishe ta.

Har zuwa ƙarshen wata na bakwai lambobin katina suna hawa a hankali, rabin kilo ko fiye kaɗan a sati. Sai ga wani awo da sikeli ya nuna na ƙara sama da kilo huɗu cikin sati biyu. A daidai lokacin kuwa ko rabin malmala ba na iya gamawa saboda ƙwannafi.

A gida murna ake yi. Hajiya, uwar mijina, duk ta kalle ni sai ta ce, "Masha Allah, 'yar nan, cikin nan ya karɓe ki. Dubi kumatu." Zobena ya ƙi fita sai da sabulu, takalmana suka daina shiga sai silifas ɗin maigida. Da safe idanuna a kumbure kamar na kwana kuka. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta kalli ƙafata ta ce ai kumburin tagwaye ne, ita ma haka ta yi, da an sauka zai saɓe. Ga wani ciwon kai da ya zauna mini a goshi, farasitamol ba ya taɓa shi. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan karon idon gida kaf bai san kima ba, ya ga ruwa ya kira shi ƙiba.

Yarinyar da ke kan sikeli ranar ta rubuta lambar ta miƙo mini kati, ta ce ta gaba. Ban ga laifinta sosai ba, layi ya kai bakin ƙofa, kuma aikin da aka ba ta rubutawa ne. Wata babbar nas ce, tana juya katin tana neman wani abu daban, ta tsaya ta dubi lambar yau ta dubi ta baya.

"Maman biyu, me kike ci haka?"

Na ce, "Wallahi Sista, ba na iya cin komai."

Ta sunkuya ta danna babban yatsanta a ƙaurina. Wurin ya lotsa ya zauna kamar an danna malmalar tuwo. Ta ce, "Kanki na ciwo? Kina ganin wasu 'yan taurari ko hazo-hazo?" Ta ja ni da kanta ta auna jinina, ta sake aunawa a ɗaya hannun: 160 bisa 110. Aka tsoma 'yar takarda a fitsarina, ta nuna furotin. Ta ce in kira maigidana ya kawo kayana, yau ba gida zan kwana ba.

Wannan shi ne hawan jinin masu ciki, wanda idan ya yi tsanani yake kaiwa ga jijjiga, abin da wasu ke kira taune-taune. Yana bayyana ne bayan sati 20, kuma alamarsa ta asibiti ita ce jini ya kai 140 bisa 90 ko sama, tare da furotin a fitsari ko wata alamar cewa ƙoda, hanta ko ƙwaƙwalwa sun taɓu. Tushensa daga mabiya yake. Jijiyoyin jinin uwa sai su tsuke, kuma su riƙa yoyo, ruwa ya fita daga cikinsu ya taru a nama. Ruwan nan shi sikeli ya auna a jikina. Ƙoda ta fara zubar da furotin, hanta ta kumbura har mace ta ji ciwo a ƙahon zuciya ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ta ɗauka olsa ce. Mabiya na iya ɓallewa kafin lokaci. Mai cikin tagwaye ta ninka mai ɗa ɗaya sau biyu zuwa uku a haɗarin kamuwa da shi, yakan zo mata da wuri, kuma ya fi saurin tsananta. Ƙiba kafin ciki na ƙara haɗarin, haka cikin fari, da tsohon hawan jini, da ciwon suga.

Kada kuma a tsorata kowace mai ciki. Kumburin ƙafa da yamma, wanda ke saɓewa idan an ɗaga ƙafa ko an kwana, kusan duk mai tsohon ciki na yin sa, bare mai tagwaye. Wanda ake tsoro shi ne na fuska da hannu, wanda ake tashi da shi da safe, wanda ya zo farat ɗaya. A ɗaya gefen kuma, mace na iya samun wannan ciwo ba tare da ta kumbura ba sam. Sikeli mai tsegumi ne kawai, abin awon jini da gwajin fitsari ke yanke hukunci. Ko masu bincike wannan ruwa yana rikita musu lissafi: sun sha gano cewa matan da suka ƙara nauyi fiye da ƙa'ida sun fi samun hawan jinin ciki, amma wani kaso na wannan nauyin ciwon ne ya kawo shi, ba shi ya kawo ciwon ba. Shi ya sa jimillar kilo a ƙarshen ciki ba ta faɗin komai ita kaɗai. Mace biyu za su iya ƙara kilo ashirin-ashirin, ɗaya ta tara nata sannu a hankali tun daga wata na uku, ɗaya ta kwashi kashi ɗaya cikin huɗu na nata a sati biyun ƙarshe. Ta farko lafiyarta lau, ta biyu gado take buƙata.

An yi mini allurar magnesiyam salfet, mai hana jijjiga. Duk macen da aka taɓa yi wa ita ba ta manta zafinta a ɗuwawu, da yadda jiki ke ɗaukar ɗumi kamar an rufe ki da bargo. Aka ba ni maganin saukar da jini, aka yi mini allurar da ke taimaka wa huhun yara ya nuna. Likita ta yi wa maigidan bayani ba ɓoye-ɓoye: magunguna lokaci kawai suke saya, ciwon ba ya tafiya sai mabiya ta fita. Da gwajin jini ya fara nuna hanta ta taɓu, aka shiga da ni tiyata, saura sati biyar ko shida watanni su cika. Hassana da Hussaini suka zo kowanne bai kai kilo biyu da rabi ba. Ba su daɗe a kwalba ba, sauran renon a ƙirjina da na ƙanwata aka yi shi, fata da fata, an ɗaure da zani. Na tabbata abin da na ci a watannin tsakiya ne suka zo da shi.

Akwai rigakafi, kuma ba mai tsada ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ƙaramin asfirin, miligiram 75 a rana, ga matan da ke cikin babban haɗarin wannan ciwo, da kuma ƙwayar kalsiyam, giram 1.5 zuwa 2 a rana, a wuraren da abincin mutane ba shi da wadatarsa. Cikin tagwaye na cikin abubuwan da likita ke dubawa kafin ya rubuta asfirin ɗin, kuma da wuri ake fara shi, wajen ƙarshen wata na uku, wanda ya sake mayar da mu kan zuwa awo da wuri. Ba abin da mace za ta saya wa kanta a kemis ba ne. Haka ƙwayar sa fitsari da wasu ke karɓowa don kumburi ya saɓe: ƙafa za ta sauka, ciwon na nan yana cin ta a ɓoye. Rage abinci ba ya maganinsa, kwanciya wuni guda ma ba ta hana shi, sai dai ta ƙara wa mace haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wanda dama ƙiba da cikin tagwaye da tiyata duk suna kawo shi.

Na ɗauka da an ciro yara an gama. Ashe hawan jinin na iya ci gaba, ko ma ya fara, a makonnin jego, har jijjiga na iya kama mace bayan ta haihu. Aka sallame ni da magani da sharaɗin auna jini kullum, na tafi wankan gida, inda Gwaggo ke jirana da garwar ruwan zafi, ganyen darbejiya da tukunyar kunun kanwa.

"Gwaggo, likita ta ce ban da kanwa."

"Likitar da ruwan sanyi aka yi wa uwarta jego?"

Wannan gardama ta fi ni da Gwaggo tsufa. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka rubuta yadda ciwon zuciya ke kama mata masu jego a yankin da yawan da ba a saba gani ba a duniya, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Kanwa gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitocin Najeriya bai ɗora laifin a kan al'adun jego ba. Abubuwan da ya gano sun fi tafiya da ciwon sun haɗa da ramar uwa, da hawan jinin ciki, da rashin ilimi da rashin abin yi. Ramar da ake sa mace ta yi don gudun tiyata, ashe har zuciya take bi. Cikin tagwaye shi ma sananne ne cikin abubuwan da ke jawo wannan ciwo. Ni dai mai hawan jini ce da jiki cike da ruwa, ko me bincike ya ce ba ni da abin yi da tulin kanwa. Muka daidaita da Gwaggo a kan kunun gyaɗa da ruwa mai ɗumi, ta yi ta mita har arba'in, amma ita ce ke tuna mini lokacin shan magani. Mai jegon da ke haki daga ɗaki zuwa tsakar gida, ko ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai, ko tana tarin dare, ko kumburinta ya ƙi sauka, ba ƙarin wanka take buƙata ba, likitan zuciya take buƙata.

Ruwan ya fita da kansa cikin 'yan makonni, ta fitsari da gumi. Kitsen ya fi taurin kai, ga gara da gasasshen nama da ake yi wa mai jego hidima da su. Ban matsa wa kaina ba ina shayar da biyu, amma na san abin da ya rage a jiki da shi ake shiga ciki na gaba, kuma macen da ta yi hawan jinin ciki ta fi kusa da hawan jini na dindindin da ciwon zuciya idan shekaru suka ja, kamar yadda wadda ta yi sugan ciki ta fi kusa da ciwon suga. Har yau ina auna jinina, kuma na ba da tazara mai tsawo.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta suka fitar a 2023 ya ƙiyasta cewa mata kusan 82,000 ne suka mutu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa a 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Zubar jini da hawan jini na sahun gaba a cikin masu kashe su, kuma su biyun ne ke jiran uwar biyu, ɗaya ta ƙofar rama, ɗaya ta ƙofar kumburi.

Ma'aikatan awo, don Allah duk wanda ya rubuta lambar yau ya ɗaga ido ya dubi ta baya, ya faɗa wa mai katin abin da ya gani da Hausar da za ta gane. Magidanta kuma, ku riƙa buɗe katin nan kuna dubawa, ba na mata kaɗai ba ne. Wanda ke da hali ya sayi abin awon jini ya ajiye a gida, bai kai kuɗin ragon suna ɗaya ba, ku kuwa biyu za ku yanka. Idan matarka na da cikin tagwaye, ta ƙara kilo biyu a sati guda, ko fuskarta da hannunta suka cika, ko ta ce kanta na sarawa idonta na hazo, kada ka jira ranar awo, kada ka jira gari ya waye. Ka nemo mota.